Ruwan Batir da Haƙorin Zira

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne yayana Zira, kuma har yau idan wani ya ce mini ciwon haƙori ba ciwo ba ne, sai in ji kamar in kwaɗa masa mari.

Zira bakanike ne a unguwar Yelwa a nan Mubi, yana gyaran babur da keke napep. Mutum ne da ba ya yarda da yar da abu. Kafireto ya toshe, wani zai ce a sayi sabo, shi kuwa sai ya buɗe shi, ya wanke cikinsa da fetur, ya mayar. Amma da nasa haƙorin ya ruɓe, duk wannan haƙuri ya gudu ya bar shi.

A garejin suna da maganinsu. Wai tsutsa ce ke cin haƙori, ruwan batir kuma yana kashe ta. Ƙanenmu Tumba, wanda ke aiki tare da shi, ya tsoma auduga a ruwan ya cusa masa a ramin haƙorin. Zafin ya lafa, suka yi ta murna, ba su san jijiyar ce ta mutu ta fara ruɓa a ciki ba. Da kunci ya kumbura, sai suka ce a cire. Na kawo masa abincin rana na tarar da ƙarti uku sun danne shi a kan benci, ɗaya ya sa gwiwa a ƙirjinsa, Tumba ya kama haƙorin da filayar aiki mai baƙin mai. Na ji ƙarar karyewarsa. Jini ya wanke rigarsa, dasashi ya yage, rabin haƙorin ya fito, saiwar ta zauna. Zira ya tofar, ya yi dariyar maza, ya ce a ba shi tuwonsa. Bai iya ci ba.

Kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, harshe ya tashi ya cika baki. Da muka kai shi asibitinmu, suka ce mu wuce Yola. A mota ya riƙa yaƙushin wuyansa yana neman iska, kansa a kan cinyata, har ya daina. A coci aka ce gajeruwar rashin lafiya, haka kuma muka gaya wa 'yarsa Kuve, wadda lokacin ba ta fara makaranta ba.

A daminar nan Kuve ta fara riƙe kunci. Ina shiga gidansu na ga Tumba zaune da kwalba da auduga, yarinya ta buɗe baki. Ban yi sallama ba. Na fizge kwalbar na maka ta da bango, ruwan ya fantsamo ya ƙona mini bayan hannu, ya huda zanina.

“Yaya Masi, ka haukace ne?” in ji shi. “Ba batir ya kashe Yaya Zira ba, filaya ce.”

Na shaƙe wuyan rigarsa, sai da maƙwabta suka ɓamɓare ni. Tun ranar bai gaishe ni ba, ni ma ban nema ba.

Likitan haƙori a nan Mubi ya duba, ya tura mu Yola wurin wata likita da aikinta ke nan, cikin haƙori da saiwarsa. Ta ɗauki hoto, ta nuna mana mugunya a gindin saiwar. Na ce ta cire mu huta. Ta ce a'a, wannan zai gyaru. Ta yi allurar kashe zafi, ta huda ƙaramar ƙofa a sama, ta riƙa shiga da wasu siraran allurai tana zaro matacciyar jijiyar, ta wanke ramin, ta zuba magani. Da muka koma, ta cike shi ta rufe. Kuve ko motsi ba ta yi ba.

Ina zaune ina kallo, baƙin ciki ya taso mini. Da Zira ya ga wannan, na san zai leƙa ta kafaɗar likitar ya ce ai wannan aikinsa ne, a buɗe, a wanke, a mayar. Zai tambayi inda ake sayar da alluran. Wataƙila kuma ya yi mata gardama a kan tsutsa, don taurin kansa ba na wasa ba ne.

Garejin yana nan, baburan da ya gyara wasu har yau suna yawo a gari. Abin da ya bari na gaske dai Kuve ce, mai tafiyarsa da gardamarsa, kuma ta ji abin da Tumba ya faɗa ranar da na fasa kwalbar. A motar dawowa, da muka wuce Hong, sai ta juyo.

“Anti, ashe haƙori ne ya kashe Baba?”

Na ce eh.

“Da an kawo shi wajen matar nan tun farko, da yana nan?”

Na nemi abin da zan lallashe ta da shi, na rasa. Na ce mata da yana nan.