Sannu da Zuwan da Na Kai Dingaya

Kwana tara abokina ya yi da dawowa daga ƙasar waje kafin na je yi masa sannu da zuwa. A wajenmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Matafiyi idan ya dawo, na kusa da shi su ne ke fara zuwa, kuma ana lura da wanda bai zo ba. Daga Birnin Kudu, inda nake koyar da fiziks a wata sakandare, zuwa garinsu Dingaya a ƙasar Gwaram ba wata tafiya ba ce. Na ce wa matata makin jarrabawa ne ya riƙe ni. Akwai gaskiya a ciki, amma ina jin ba ita ce duka ba.

Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a jami'a, kuma idan ban manta ba, sakamakona ya ɗan ɗara nasa. Ni na fara ganin sanarwar wani gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, ni na nuna masa. Shi ya cika takardunsa a yini ɗaya ya tura. Ni kuwa na yi ta gyara nawa, ina tsoron kada a ga kuskure, har aka rufe karɓa. Ya tafi ya zama mai binciken gungun taurari, wato irin tarin nan mai ɗauke da taurari biliyoyi, musamman waɗanda suka samu tun sararin samaniya yana sabo.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, duk takardar binciken da ya fitar sai na sauke ta a waya na karanta layi-layi. Ba don in taya shi murna ba. Kuskure nake nema. Ranar da na ji saura kwana biyu ya koma, na san idan ban je ba zumuncinmu ya yanke, kuma kowa zai san daga ɓangaren wa.

Na isa bayan la'asar, lokacin kaka, ana ta sussuka a bayan gari. Na same shi a zaure da mahaifinsa da wasu dattawa uku.

"A'a, Malam! Ashe kana raye?" in ji shi. "Na ɗauka sai na aika maka da katin gayyata."

"Dakta, ka san mu ƙananan ma'aikata ba mu da lokacin kanmu."

Da wasa na faɗa, amma ni na ji yadda ta fito. Na durƙusa na gai da Baba, wato mahaifinsa. Bayan an kawo fura, sai tsohon ya juyo gare ni.

"Yauwa, Malam, gara da ka zo. Yaron nan kwana tara ina tambayarsa aikin me yake yi a can, sai ya yi ta ja mini Turanci. Mutane suna tambayata a masallaci, na rasa ta cewa. Kai da kake koyar da yara, fahimtar da ni."

Abokina ya yi dariya, ya ce shi kam ya gaza. Na ce zan gwada, amma ba lallai in faɗa daidai ba. Na roƙa aka miƙo mini faifai daga cikin gida da tafin gero.

Na zuba geron, na riƙa juya faifan a hankali. Na ce, "Baba, ka ga duk ƙwayoyin tare suke zagayawa? Haka gungun taurarin da muke ciki yake, shimfiɗaɗɗe, yana juyi cikin tsari." Sai na girgiza faifan, geron ya yi ta tsalle. "Da, masana sun fi zaton na farkon zamani haka suke, a hargitse, domin lokacin suna ta haifar sababbin taurari. Shi kuma yana cikin masu dubawa da na'urar hangen nesa, sun ga wasu daga ciki tun a lokacin sun natsu suna juyawa."

"Daga nan yake ganin juyin?" wani dattijo ya tambaya.

Na ce ba juyin ake gani ba, haske ake aunawa. Gefen da ke tahowa wajenmu haskensa yakan ɗan karkata zuwa shuɗi, gefen da ke nisantar mu kuma zuwa ja. Hasken ma ya daɗe a hanya, saboda haka abin da ake gani yau tsohon yayi ne.

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah. To ai kai ka fi shi sani. Me ya hana ka bin sa?"

Dattawa suka yi dariya. Ni ma na yi, amma geron da ke kan faifai na tsura wa ido.

Da suka tashi, muka rage mu biyu. Ya dube ni ya ce, "Mutumina, wannan bayanin ba a littafin sakandare yake ba. Takarduna kake karantawa?"

"Nakan ɗan duba."

"Shekara nawa, ko sau ɗaya ba ka ce mini ka gani ba."

Da na ce kunya ce, da ya yarda. Ban san abin da ya sa ba, sai na ji bakina ya ce, "Kuskure nake nema a ciki."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka samu?"

"Wataƙila ɗaya. Ban dai tabbata ba." Na ce masa a takardarsa ta biyu akwai gungun da ya ce yana juyawa, alhali zai iya yiwuwa biyu ne suke karo da juna, tunda daga nesa haskensu zai iya yin kama da na mai juyi. Wata da watanni ina riƙe da wannan a raina, ina jin daɗinsa.

Ya ɗauko kwamfutarsa ya buɗe shafukan ƙarshe na takardar, waɗanda ni ban taɓa kaiwa gare su ba don na ɗauka jerin sunayen littattafai ne kawai. A can ya amsa tambayar tawa, da zane har biyu. Na karanta sau biyu. Iya fahimtata, amsar ta zauna.

"Tambaya ce mai kyau," in ji shi. "Masu tantance takardar ma ita suka fara yi mini. Da ka turo mini tun lokacin, da na ji daɗi."

Na yi sallama da mutanen gida. Na sa rai a ƙofar zaure zai tsaya, domin wanda ya faɗa maka irin abin da na faɗa, rakiyar bakin ƙofa ma ta ishe shi. Sai ya zura takalmi ya biyo ni. Muka ratsa ta masussuka, yana gaisawa da mutane, yana ce musu, "Abokina ne, malamin fiziks ne a Birnin Kudu." Har bakin hanya ya kai ni, ya tsaya tare da ni sai da aka sami mai babur. Ya riƙe hannuna ya ce in gai da iyali, kuma idan takarda ta gaba ta kusa fita zai turo mini in duba.

Na ce to, in Allah ya yarda. Na san zumuncin bai yanke ba, kuma na san ba ni na riƙe shi ba. A kan babur ina ta tunanin yadda abin ya zo masa da sauƙi, ya ji maganata, ya haɗiye, ya rako ni. Ko wannan ma sai da na ji ƙyashinsa.