Baba Mai-hanci da Taraktar da Aka Raba Biyu

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofa, Baba Mai-hanci ya riga ya share garejinsa. Yakan shimfiɗa tsohon buhu a kan benci, ya jera sufanu daga babba zuwa ƙarami, sannan ya zauna da kofin shayi yana jiran abin da za a kawo masa. Yawanci da igiya ake jawo shi. Mota mai lafiya ba ta san hanyar garejin nan ba, sai tsofaffin taraktoci da kowa ya ce sun gama yayi.

Sunan kuwa aiki ne ya ba shi. Wasu makanikai da kunne suke gane cuta, shi da hanci. Zai dangwali mai da yatsa, ya shinshina, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Matarsa ta ce tun da aka yi aurensu bai taɓa lura ta canza turare ba, amma daga tsallaken titi yana jin ƙaurin kuloci.

Yanzu baya ya fara ƙin sunkuyo, ya ce zai ajiye sufana. Kafin ya ajiye, ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu a farkon daminar bana.

Akwai wata mata da ƙannenta ke kira Yaya Babba. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona da jar tarakta wadda ta girmi yawancinsu, ita ce kuma ta riƙe noman. Sai tarakta ta tsiri wani hali: inji na ruri, amma da an sauke garma sai ta tsaya cak. An canza faifan kuloci, wanda ke haɗa inji da giya, ta ɗan yi aiki ta koma gidan jiya. Ƙannen suka gaji, suka ce in ba ta yi huɗar bana ba, a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Har mai sayen ya zo ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta. Ga ruwa ya sauka, maƙwabta sun huɗe nasu, tasu gonar na kwance.

Baba ya je gidan, ya kwanta a ƙarƙashin taraktar yana nishi. Can sai aka ji muryarsa.

"Wane kafinta ne ya yi mini aiki a nan?"

Auta, ƙaramin ƙanen da ke tuƙa ta, ya matso yana murmushi.

"Ni ne, Baba. Akwai wani ɗan rami da mai ke ɗiga, kullum Inna na faɗa ana ɓata mata tsakar gida. Sai na fere icce na toshe. Tun ranar ko ɗigo!"

"Ko ɗigo? Madalla da kai. Miƙo mini kwano."

Ya zare iccen, sai ga mai shaa, har kwano ya cika. Ya shinshina ya ce man giya ne, sil ya mutu, wato zoben robar da ke hana mai fita daga akwatin giya.

"Ɗana, ramin nan bakinta ne, da shi take gaya maka tana ciwo. Kai kuma ka toshe, mai ya taru ya jiƙa kuloci. Faifai mai santsi me zai kama?"

Auta ya sosa ƙeya. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce ba shi ne na farko ba. Sannan ya dubi Yaya Babba.

"'Yata, sai an raba ta biyu."

Ta ce a yi. Ya tare tayoyi da katako, ya tallafe gaba da baya da jak ɗin ɗaga mota, ya kwance notuna, aka tura gaban a hankali har tarakta ta rabu gida biyu. Inna, tsohuwar mahaifiyarsu, ta leƙo ta saki salati.

"Yanka ta kuka yi?"

"Tiyata ce, Inna. A sa mu a addu'a."

Sil ɗin irin wannan tsohuwar tarakta ya ɓace a kasuwa. Baba ya sa tsohon a aljihu, ya bi garejin abokansa ɗaya bayan ɗaya da wannan bayan nasa, har ya samo. Ya wanke cikin da kananzir, ya sa sabon faifai, sil ɗin kuwa Auta ya sa ya buga da hannunsa, a hankali, don ya koya. Wajen haɗa gaba da baya tarakta ta ƙi shiga, Auta ya ce a ja ta da noti.

"Ba a yi mata dole. Juya kaɗan, in ta yarda da kanta za ta shiga."

Ta kuwa shiga.

Aka kai ta bakin gona. Auta ya sauke garma, ya ɗaga ƙafa daga kuloci. Tarakta ta yi gurnani, ta cije, sai ga ƙasa na kifewa baƙa wuluk a bayanta. Yaya Babba ta zauna daɓas a kan kunya tana kuka tana dariya. Da mai sayen ƙarfe ya iso da motarsa, Baba ya miƙa masa iccen Auta ya ce abin sayarwar ke nan, ya auna.

Kai ne, Baba, likitan tsofaffin ƙarafa. Kai ne kake kwanciya a ƙasa ka duba, a lokacin da kowa ke tsaye yana yanke hukunci. Ka gyara tarakta, ka gyara direbanta, ba ka kuma kunyata shi ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba bayan nan lafiya. Ku masu sana'a, ku ɗauki wannan hali: ku sunkuya ku duba kafin ku ce abu ya mutu.

Inna ma ta ce a gaishe ka. Ta ce ranar da ta ji ƙarar taraktar na dawowa da yamma, ba ta san lokacin da ta miƙe ta ɗora wa marigayi mai gidanta ruwan wanka ba, kamar yadda ta saba in ya dawo da ita daga gona.