Baro Ya Hau, Keke Bai Hau Ba

A wajen gini Sumul ake ce masa, saboda in ya shafe daɓe sai ka rantse za ka ga fuskarka a ciki. Tun yana saurayi yake riƙe da cokalin gini, kuma yawancin matakalun shagunan layinsu aikin hannunsa ne. Bai taɓa ganin laifin matakala ba, ko a shekarun da 'yarsa Auta take raye. Auta ba ta taɓa takawa ba. Duk inda za su shi yake tura ta a keken guragu, in sun iso matakala ya sungume ta da keken gaba ɗaya, tana dariya tana cewa, "Baba a hankali, ni fa ba buhun siminti ba ce." Da ta rasu, mahaifiyarta ta goge keken, ta lulluɓe shi da zani, ta jingine bayan ƙofa. Ba wanda ya ƙara taɓa shi.

Wata rana shugaban ɗakin karatu na unguwa ya aiko a kira shi. An ɗauki sabuwar ma'aikaciya mai ba da aron littattafai, a keken guragu take, Litinin za ta fara aiki. Ƙofar kuwa matakala ce. In ba a yi mata hanya ba, za a tura ta wani ofishi can ƙarshen gari, nesa da gidansu, inda zuwa kullum zai gagare ta.

Sumul ya zuba gangara gajeruwa a gefen matakalar don kada ta ci fili, ya shafe ta tana ƙyalli. Sannan ya gwada ta yadda magina suke gwadawa: ya cika baro da yashi, ya tura, baro ya haye ba gargada. Abokinsa mai walda, wanda zai sa ƙarfen riƙewa, ya ce, "Wannan kam ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

Ana nan ma'aikaciyar ta zo ganin wuri. Ta gaishe su, ta kama tayoyi ta yunƙura. Ba ta kai rabi ba ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga, keken ya dawo da ita baya. Sumul ya yar da cokali ya kama bayan keken.

"Baba, sake," in ji ta.

"Ai ba nauyi, 'yata."

"Na sani. Amma kullum da safe za ka zo ka tura ni? To sai a ɗauke mu aikin tare."

"Baro cike da yashi fa ya hau."

"Shi baron ya tura kansa?"

Mai walda ya tuntsire da dariya. Ta shafa daɓen da tafin hannu ta ce, "Aikin ya yi kyau, wallahi. Amma ranar da aka yi ruwa, kafin in ce wayyo ina tsakiyar titi."

Da Sumul ya koma gida sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Maman Auta, keken nan nake so ki ara mini. Ba bayarwa zan yi ba, gwaji ne."

Ta ci gaba da ninke kaya kamar ba ta ji ba. Can ta tashi, ta yaye zanin da kanta.

"Tayar hagu tana ƙara. Ka sa mata mai. Auta ta sha gaya maka."

Da safe ya zauna a keken a gindin gangarar. Keken ya matse shi, gwiwoyinsa sun yi sama. Ya tura. Hannuwan da suka saba ɗaga bulo suka gaza, keken ya sulalo baya, mai walda ya tare shi.

"Ƙato da kai, yarinya ta fi ka nisa!"

Sumul ya sunkuyar da kai. Ƙarfen da ake kamawa a jikin tayar yake kallo. Fentinsa kusan sabo ne, ba inda hannu ya cinye shi. Mariƙin baya kuwa, inda shi yake kamawa, ya goge har ƙarfe ya fito. Ya jima yana kallo, sannan ya ce a miƙo masa guduma.

Sabuwar gangarar doguwa ya yi ta, ta bi jikin bango a kwance. Shugaba ya yi ƙorafin furanninsa da aka cire, Sumul ya nuna masa keken ya ce masa bismillah, ya zauna ya gwada hawa ragowar tsohuwar gangarar. Shugaba ya ce a bar maganar furanni. A tsakiyar gangarar Sumul ya bar wuri shimfiɗaɗɗe. Da siminti ya fara kamawa, ya ari tsintsiyar mai shara ya bi daɓen da ita har ya yi kaushi.

"Yau Sumul ya koma Kaushi," in ji mai walda. "Bari in je in sanar a layi."

Ranar Litinin Sumul ya riga ma'aikaciyar zuwa. Da ta kama hawa, ya mayar da hannuwansa baya, ɗaya ya riƙe ɗaya gam. Ta isa tsakiya ta tsaya, ta saki tayoyin, keken bai motsa ba.

"Baba, wa ya gaya maka a yi wajen hutu?"

"Kafaɗuna."

Ta yi dariya, ta ƙarasa, ta tura ƙofa ta shige. Ta taga ya hango ta tana gyara zama a bayan teburinta.

Da ya mayar da keken gida, ya ɗauko zanin zai lulluɓe. Matarsa ta karɓe zanin ta ninke.

"Mai kantin magani ya zo nemanka, shi ma ƙofarsa yake so a gyara. Bar shi a waje, gobe ka tafi da shi."