Wasiƙar Da Halliru Ya Haddace

Duk wanda ya san kasuwar Illela ya san Malam Halliru mai wasiƙa: dogo, siriri, tabarau ɗaure da zare, baki kamar an ɗinke. Tun yana saurayi ya baro Kalmalo, inda mahaifinsa ke sana'ar su a tafki, don shi ruwa bai karɓe shi ba. Ya kafa tebur a gindin dogon yaro yana rubuta wa mutane wasiƙa da biro. Da zamani ya juya sai ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya kama ɗan shago, ya buɗe akwatin imel guda ɗaya tak. Rabin garin kuwa da shi yake aiki. Dillalan albasa masu hulɗa da Gana, iyayen da 'ya'yansu ke Agadas da Libiya, kowa adireshin Halliru yake bayarwa kamar nasa. Saƙo ya zo, ya aika a kira mai shi, ya karanta masa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Shekara talatin ba a taɓa jin sirrin wani daga gare shi ba. Matarsa ma ta gaji da bugun cikinsa ta haƙura.

Wannan shiru shi ne dukiyarsa, kuma shi taubashinsa Mukhtar ya taɓa.

Mukhtar ɗan ƙanwar mahaifin Halliru ne, mai zaƙin baki, irin mutanen da ke gaishe ka har ƙasa suna leƙen aljihunka. Shekara bakwai da suka wuce ya buɗe nasa shagon kwamfuta, ya ƙyalla ido a kan Alhaji Faruk na Ƙwanni, babban dillalin albasa, wanda duk takardunsa a hannun Halliru suke. Sai ya zauna ya tsara wa Alhaji wasiƙa, wai ya yi hattara, Halliru bakinsa rariya ne, sirrin mutane yake kaiwa kasuwa. Ya kwafi adireshin da ke kan katin Alhaji ya aika. Wayo ya san na ƙi: adireshin nan na Halliru ne.

Halliru ya karanta har ƙarshe. Da ya so, da yatsa ɗaya ya share ta. Amma wasiƙa amana ce. Ranar Lahadi da Alhaji ya tsallako cin kasuwa, ya zaunar da shi ya karanta masa zagin kansa da bakinsa, bai tsallake ko harafi ba. Alhaji ya yi dariya ya ce a bar zancen. Amma zato zunubi ne mai saurin tsiro. Kafin albasar shekarar ta ƙare, ya kwashe takardunsa ya koma shagon Mukhtar. Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa, shaida ɗaya ta rage, ita ce ta cikin akwati.

Halliru bai tunkari Mukhtar da zancen ba. Suna haɗuwa da Mukhtar a suna da jana'iza, su yi musabaha har da barkwancin taubasai. Amma kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya buɗe wasiƙar ya karanta, kamar mai ƙara wa murhu itace. Bai taɓa buga ta a takarda ba.

"Takarda kowa na iya ƙirƙira tata," in ji shi a ransa. "A gilashin kwamfuta nika son su gani, da sunanshi da kwanan wata."

Haƙurin kura ne, ba na waliyyi ba. Yana jiran taro.

Taron ya zo. Ƙungiyar 'yan albasa za ta naɗa magatakarda ranar Lahadi, Mukhtar ne kuma ɗan takara. Al'adarsu, kafin a shafa fatiha sai dattijo ya tambaya sau uku ko akwai wanda ya san wani aibu ga mutumin. Halliru ya kai farar rigarsa wanki da guga.

Ranar Laraba akwati ya ƙi buɗewa. Ya kashe ya kunna, ya sauya layi, ya ɗauki kwamfutar har bakin iyaka ko sabis ɗin Nijar zai fi albarka. A banza. Aka ce matsalar daga kamfanin ce, can wata uwa duniya. Ranar Asabar da hantsi akwatin ya buɗe, fes kamar ƙwaryar da aka suɗe. A sama an manna ban haƙuri na layi biyu da Turanci. Halliru ya tsine wa kamfanin, ya tsine wa injinansa, ya haɗa da wanda ya koya musu Turancin.

Kafin azahar shagon ya cika. Wata tsohuwa, Shafa'atu, ta zauna a dokin ƙofa tana hawaye, don saƙon ƙarshe na ɗanta kafin ya shiga Sahara yana ciki, kuma duk wata takan zo a maimaita mata.

"Inna, bar kuka," in ji Halliru. Ya lumshe ido ya karanto mata shi daga ka, tun daga sallama har gaisuwar ƙannensa. Wani dillali ya nemi adireshin abokin cinikinsa na Kumasi, ya zubo masa. Wani ya tambayi ranar da aka ce motarsa za ta iso, ya faɗa. Kafin magariba labari ya game kasuwa: kwamfuta ta manta, Halliru bai manta ba.

A nan ne Shaiɗan ya raɗa masa cewa bai rasa komai ba.

Ranar Lahadi, a rumfar ƙungiya, dattijo ya yi tambaya ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. A ta uku Halliru ya miƙe cikin farar rigarsa. Ya faɗi rana da wata da shekara, sannan ya karanto wasiƙar, murya ba rawa, har da inda Mukhtar ya yi kuskuren rubuta sunan Alhaji. Ba wanda ya nemi ganin gilashi. Jiya-jiya suka ga abin da kan nan ke iyawa.

Mukhtar ya yi wuƙi-wuƙi. "Haba Yaya! Ai wasan taubasai na."

"Wasan taubasai gaba da gaba a kai nai," in ji Halliru. "Ba a aika shi Ƙwanni."

Rumfa ta ɗauki salati. Dattijo ya naɗe tabarmar naɗi, ya ce ba a ba maci amana alƙalami. Daɗin da Halliru ya ji a lokacin, ko ranar aurensa bai ji irinsa ba. Shekara bakwai yana dafa wannan tuwo, ya kuwa ci da zafinsa.

Mukhtar ya saka takalmansa, ya juyo a bakin rumfa, idanunsa jawur.

"Jama'a, mi nic ce cikin takardar? Cewa niy yi shina kai sirrin mutane kasuwa. To wasiƙar wa kunka ji yanzu, kuma ina muke tsaye?"

Ya sa kai ya fice. Dillalin nan mai abokin ciniki a Kumasi ya sunkuyar da kai, wasu biyu suka dubi juna. Kowa a wurin yana da abin da aka taɓa karanta masa a ɗan shagon nan, kuma yanzu ya san inda yake ajiye.

Ba a yi faɗa da Halliru ba, ba a daina gaishe shi ba. Har ƙara girmama shi aka yi, irin girman da ake ba kare mai cizo. Sai dai ɗaya bayan ɗaya suka sa 'ya'yansu suka buɗe musu nasu akwatin a waya. Mukhtar ya tattara ya koma Darna Sabon Gari noma. Shagon Halliru na nan a buɗe, yana share bencin kullum da safe.

Shafa'atu kaɗai ke zuwa, duk farkon wata, ya karanto mata saƙon ɗanta. Rannan da ya gama ta goge ido ta dube shi.

"Malam, kana nadama?"

"Ko kusa, Inna. Gobe ma in an tambaya sau uku, tashi za ni yi."

Ta gyaɗa kai, ta miƙe da ƙyar. Har ta kai ƙofa sai ta dawo, ta rage murya.

"To don Allah, inda yaron nan yac ce ya saci akuyar kawunshi yay yi kuɗin mota, ka manta da wurin."

Halliru ya buɗe baki zai rantse mata cewa shekara talatin bai taɓa ba. Sai ya rufe.