Motar da Muka Kai Sa Albarka

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, mai aiki a hannu ya ɗan ajiye. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, a gabana aka yi shi, ni ce ma na ƙulla shi da bakina. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da muka je canza wa motar 'yata takarda a Dubai ba.

'Yar tawa ta fari ce, ba na kiran sunanta, yanzu ma ba zan kira ba. Tana zaune da mijinta a Al Nahda, ni kuma na je mata zaman jego na ɗanta na uku. Sana'arta saro abaya da turare da takalma, ta kai kago a tura wa matan Kano. Shekara da shekaru tana jan buhuna daga tasi zuwa tasi, har kafaɗarta ta fara ciwo. Ta je ta koyi tuƙi, ta faɗi jarrabawa sau uku, a na huɗu Allah ya ba ta lasisi. Sai neman mota.

Aka samu wata fara, mai tsafta, a hannun wani bawan Allah mutumin Zangon Kumasi. Shekara tara yana aikin otel a Sharja, ya gama, zai koma gida gaba ɗaya. To Al Nahda nan, titi kawai za ka tsallaka ka bar Dubai ka shiga Sharja. Ni a idona unguwa ɗaya ce. Ashe a wajen hukuma jiha biyu ce, kuma mota ba ta tashi daga wannan ta koma waccan sai da takarda, kamar mutum.

Ranar Alhamis muka je Sharja, ya sauke sunansa ta can, aka ba su lamba ta wucin gadi ta 'yan kwanaki. Aka kuma cike wata takarda ta ciniki, a cikinta akwai gurbin da mai mota zai rubuta adadin tafiyar da motar ta yi, wato abin da mitar gaban direba ta nuna. Ya leƙa, ya rubuta, ya sa hannu cewa gaskiya ne, ita ma ta sa. Ni ban yi boko ba, baƙaƙen nan na mita duk ɗaya suke a wajena. Ina tsaye ina kallo kawai.

Ya ce mata, “Hajiya, gobe da safe ka kai shi Dubai a gama. Ni Talata da yamma zan tashi.” Haka Hausarsu take, mace ma “ka” ce.

A nan na sa baki. Na ce, “Ke, a gidanmu ba a haka. Abin hawa ba ya fara zuwa ofis kafin manya su sa masa albarka.”

Ta ce, “Inna, takardar nan fa.”

Na ce, “Takarda ta fi addu'a ne?”

Tarbiyyar da na yi mata ce ta hana ta musu, ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Kwana huɗu muka yi muna yawo, kuma wallahi na ji daɗinsu. Muka fara da wani dattijon malami a Bur Dubai, ya fito da sandarsa ya dafa bonet ya yi ta addu'a. Muka je Ajman wajen wata tsohuwa 'yar garinmu, ta tofa a sitiyari, ta cika mu da dambun nama. Aka ce ai akwai ƙanwar kakar mijin 'yata a Al Ain, in ta ji an tsallake ta ba za ta yafe ba, muka tafi. Daga can aka tuna da wata aminiyar 'yata a Abu Dhabi. Jariri a cinyata, sanyin mota yana busa ni, 'yata riƙe da sitiyari kamar an haife ta a kai. Duk inda muka tsaya sai guɗa, sai “Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya.” Ina ta hura hanci.

Talata da safe muka isa wajen gwajin motoci, ni da ita da mijinta. Aka ɗaga motar sama, aka duba ƙafafu da birki da fitilu, komai lafiya. Sai ma'aikacin, wani saurayin Balarabe mai fara'a, ya leƙa mita, ya dubi takarda, ya sake leƙa mita. Ya kira 'yata suka yi magana. Ina ganin fuskarta ta sauya na san akwai magana.

Na ce, “Me ya ce?”

Ta ce, “Inna, abin da ke mita ya ɗara abin da ke takarda da kilomita ɗari bakwai da 'yan kai. Ya ce in kaɗan ne ba komai, amma wannan ya yi yawa. Ba zai juya mota zuwa sunana da takardar da ba ta faɗi gaskiyar mita ba. Sai an cike sabuwa, mai motar ya zo da kansa ya sa hannu.”

“In bai zo ba fa?”

“In ya tashi, shi ke nan. Ta fita daga Sharja, ba ta shiga Dubai ba. Ba lamba, ba inshora. Sai dai mu ajiye ta muna kallo.”

Ta kira wayarsa, a rufe. Dama ya faɗa mata zai rufe layin kafin tafiya. Ta kira wanda suke ɗaki ɗaya, ya ce tun bayan asuba ya yi sallama ya fita da jakunkunansa, bai ce ga inda za shi ba. Ƙarfe goma ta wuce. Ni kuwa na san ba mai laifi sai ni.

Surukina mutum ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya ja matarsa gefe, amma kunnena ras yake. Ya ce, “Akwai wani gareji da na sani. Minti goma za su mayar da mitar baya, ta dawo daidai da takarda. Ai ba cuta ba ce, mu muka yi tafiyar.”

Ban saba yi masa magana kai tsaye ba, amma ran nan na yi. Na ce, “Malam, tafiyar nan an yi ta ko ba a yi ba?”

Ya sunkuyar da kai. “An yi, Hajiya.”

“To ƙafafun motar sun san an yi. Gobe in ta sayar wa wani, da me za ta sa hannu? Ni na jawo wannan, amma ba za a goge zuwan da muka yi wajen mutanen kirki da ƙarya ba. A nemo mutumin nan.”

'Yata ta ce, “Inna, a ina? Garin nan fa ba Fagge ba ne.”

Na rufe ido na yi tunani irin namu na tsofaffi. Na ce, “Ke, namijin da ya shekara tara a waje, yau zai kwana gaban matarsa. Tsaraba ya gama saya tun tuni. Da safen nan ina za shi?”

Suka dube ni.

Na ce, “Aski.”

Surukina ya fashe da dariya, karo na farko da na taɓa ganin haƙoransa. Ya ce ya san shaguna biyu ko uku a bayan Al Rigga inda mutanen Gana ke aski. Na ce kar wanda ya ƙara taɓa motar nan, ta yi yawon da ya ishe ta. Muka bar ta a wurin, muka tari tasi.

A shagon farko ba mu same shi ba. Na biyu, tun daga bakin ƙofa na hango jakunkuna uku manya a jingine. Ga mutumina a kan kujera, an lulluɓe shi da zane har wuya, an kwashe gefen dama tas, gefen hagu kuwa gashi na nan cunkus. Ya gan mu ta madubi ya zabura.

“Hajiya! Lafiya? Mota ya lalace?”

'Yata ta yi masa bayani a gurguje. Ya ce, “Ɗari bakwai? Kun je Makka ne?”

Na ce, “Ɗana, sa albarka muka kai ta.”

Ya dafe kai, hannunsa ya sauka a gefen da aka aske. Ya ce, “Maame,” wato Inna a yarensu, “albarkan nan ya yi nisa.” Mai aski ya ce a ba shi minti biyar ya ƙarasa. Mutumina ya ce ina, amanar mutane tukuna. Ya cire zanen, ya zaro hula daga aljihu ya kifa, muka kwashi jakunkuna yana cewa, “Yalla, yalla!”, wato mu yi sauri.

Hular ba ta rufe komai ba. Da muka shiga ofis, duk wanda ya dube shi sai ya kau da kai yana danne dariya. Ma'aikacin nan ya fito da mu wajen motar, ya sa mai motar ya karanta mitar da bakinsa, 'yata ma ta karanta, aka rubuta sabon adadi, suka sa hannu. Sannan ya tambayi 'yata, shi dai yana son ya sani, ina aka je cikin kwana huɗu? Ta nuna ni. Na shiga lissafa masa garuruwa da yatsu tana fassarawa, malam, da tsohuwar Ajman, da dambun nama, ban rage komai ba. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya buga hatimi ya ce, “Halas, Mama. Mabruk,” wato an gama, barka. Sai ya rage murya ya ce da 'yata, tasa motar na nan a waje, ko Mama za ta yi mata addu'a ita ma? Ya ce amma daga nan inda take, ba sai an kai ta Al Ain ba.

Na yi masa, har da tofi.

Kafin azahar aka ɗaura wa motar lambar Dubai, aka miƙo wa 'yata katin mallaka da sunanta a jiki. Ta riƙe shi da hannu biyu tana hawaye tana dariya. Ni kuwa na manta a ofis nake, na rangaɗa guɗa, har masu gadi suka leƙo. Tafiyar farko da motar ta yi da sunan 'yata, filin jirgi muka kai bawan Allah nan, da jakunkunansa da rabin askinsa.

Abin da na koya a ranar, na koya shi da furfura a kaina. Addu'a ba ta da ranar rufewa, ko yaushe ka je za ka same ta, amma takarda tana da lokacinta, kuma wanda ya san hanyar abu a bar shi ya bi, ko da kai ka haife shi. Na kuma gane cewa in ka yi kuskure, ka je ka gyara shi da gaskiya ko da gudu ne, kar ka nemi wanda zai shafe maka shi.

Mutumin Kumasi ya isa gida lafiya. Ya aiko mana da hoto, matarsa ta cire masa hula a filin jirgi tana nuna kan tana dariya. Yanzu yana da shagon kayan mota a can, duk Sallah sai ya kira ya gaishe ni. Surukina har yau ba ya haɗa ido da ni, amma ya daina jan matarsa gefe in zai yi shawara, ya ce ba amfani. 'Yata ta shekara huɗu da motar, sana'arta ta buɗe, ta sayar da ita ta sayi babba, kuma abin da mita ta nuna shi ta rubuta wa mai saye. Ni kuma na dawo gida Kano. Yaran unguwa in sun sayi mota ko babur suna kawo min in sa albarka, ina kuma sawa da zuciya ɗaya. Sai dai kafin in ɗaga hannu nakan dubi mutum in ce, “Tsaya tukuna. An gama takarda?”