Motar Baba da Bayan Inna

Shekarun baya, a zamanin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gaba da Minjibir. Waɗanda suka ga lokacin a cikinku sun san yadda aka sha. Sabulu ma sai an bi layi, balle kayan gyaran mota. A daidai wannan lokaci ciwon baya ya kwantar da mahaifiyata. Likita a birni ya ce a riƙa kawo ta gashin ƙashi duk bayan mako biyu. Sau biyu muka je a bas ɗin haya, ta dawo ko ruku'u ba ta iyawa. Ta ce ita dai a ƙyale ta a ɗakinta.

A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwar mota baƙa, doguwa, faffaɗa, ƙirar Amurka. Mahaifina ya yi shekaru yana tuƙa wani Alhaji mai sayen gyaɗa a cikinta. Da harkar gyaɗa ta mutu, Alhajin ya sallame shi, ya bar masa motar. Bai daɗe ba idonsa ya fara rauni, ita kuma ta zauna a gindin darbejiya, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Ni da abokina bakanike muka yi mako uku a kanta har ta tashi. Ranar da injin ya kama, ji na yi kamar ni na ƙera ta.

Tafiyar farko ta sauke mini wannan girman kai. Motar ba tafiya take ba, iyo take kamar kwale-kwale. Ta faɗa rami ɗaya, ta yi ta lilo har mu isa na gaba. A kwana sai ta kwanta gefe, bayanta kuma yana dukan ƙasa. Kafin mu kai Minjibir Inna ta yi amai, muka juyo.

Ni malamin makaranta, ai ba a rasa ni da dabara. Na ce tunda bayan motar ya zauna, ƙarfi yake so. Na samo ƙarafan sifirin ɗin wata matacciyar babbar mota, waɗanda ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, na ce a ƙara.

Abokina ya ce, "Malam, wannan fa na ɗaukar buhuna ne."

Na ce, "Kai dai ɗaura."

Ya ɗaura. Bayan motar ya ɗaga kamar tunkiya tana shan ruwa. Na lallaɓa Inna ta sake shiga. Ko bayan gari ba mu kai ba ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Sauke ni. Da amalanken shanu ka kawo da ya fi mini." Ta dogara sandarta ta koma gida a ƙasa, ni ina biye da ita a mota a hankali, mutane na kallo. Yanzu dariya abin yake ba ni, amma ranar ban iya cin tuwo ba. Ga shi lokacin zuwa asibiti ya riga ya wuce har sau biyu, ƙafarta ta hagu kuma ta fara ja.

Washegari bayan sallar asuba, muna fitowa daga masallaci, Baba ya ce, "Ka gama naka?"

Na ce, "Na gama, Baba."

"To a cire ƙarafan nan. In an cire ka ɗauke ni. A baya zan zauna, inda Alhaji yake zama."

Haka aka yi. Ya zauna ya harɗe hannu, na ja mu kan hanyar burji. Can ya ce in tsaya, in danna bayan motar da ƙarfi in saki, in faɗa masa sau nawa ta yi sama da ƙasa. Na ce huɗu. Ya ce, "Ɗaya ya kamata. Shokozoba masu tare lilon sun mutu. Wannan ƙwal-ƙwal da kake ji kuwa, robobin bakin sifirin ne suka cinye, ƙarfe na cin ƙarfe. Sifirin ɗin nata lafiyarsu lau, gajiya suka yi suka miƙe. Sitiyarin kuma tun daga nan nake jin kana kokawa da shi."

Sabon kaya dai babu shi, ko akwai ba namu ba ne. Muka kwance sifirin ɗin muka kai Zakirai, wurin wani tsohon maƙeri abokin Baba, wanda aikinsa garma da fartanya. Suka daɗe suna gaisawa da tsokanar juna kafin a zo kan magana. Maƙerin ya zana lanƙwasar da ake so da gawayi a ƙasa, ya riƙa dukan kowane ƙarfe a kan uwar maƙera yana gwadawa da zanen. In ya gama sai ya miƙa wa Baba, Baba ya shafa da tafin hannu ya ce, "Saura kaɗan a nan." Maƙerin ya ce, "Kai da ba ka gani, ka fi ni fitina." Kwana biyu muka yi muna zuwa.

Robobin kuwa, wani mai yin takalmin taya ne ya yanka mana su daga tsohuwar tayar babbar mota. Shokozoba na hannu na samo a kasuwar tsofaffin kayan mota a birni. Baba ya ce in matsa kowanne da hannuna, wanda ya shige da sauƙi in ajiye musu abinsu, wanda ya sa ni nishi shi ne namu. Abokina ya canja tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, aka daidaita tayoyin gaba, aka rage iskar da na ɗura musu har suka zama kamar dutse.

Na ce sai mu ɗauki Inna. Baba ya ce tukuna. Ya sa aka ciko ƙwarya da ruwa, ya shiga baya ya ɗora ta a cinyarsa, ya ce mu je. Kafin mu dawo babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Motar ta gyaru. Saura direba."

Ashe a cikin rami nake taka birki. Ya koya mini in taka tun kafin na isa, in saki daidai bakin ramin, motar ta shiga da sauƙinta. Kwana ma in rage gudu tun daga nesa, in bi da ita a hankali, don babbar mota ba ta son a yi mata ba-zata. A rana ta huɗu ya sauka da busasshiyar riga.

Shi ya shawo kan Inna. Ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, "Ki fito mu je, ni zan zauna kusa da ke."

Ta ce, "To Malam, tunda kai ka faɗa."

Muka fita da hantsi. Gero ya fara fitar da kai, hanya ta ratsa tsakanin gonaki, motar na tafiya luf kamar ba ita ba. Ina ta leƙen Inna ta madubi. Muna wuce Minjibir na ga ta jingina da matashi ta rufe ido. Ba ta buɗe ba sai a ƙofar asibiti, ta ce, "Af, har mun iso?" Baba ya yi gyaran murya kawai.

Fiye da shekara muka yi muna wannan zirga-zirga. Inna ta samu sauƙi har ta koma sallah a tsaye. Motar kuma ta zama ta gari, masu naƙuda da yawa ta kai asibiti kafin ta tsufa gaba ɗaya.

Na daɗe ina ba da labarin barcin nan ina taƙama. Sai bayan shekaru, muna zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na sake ɗauko shi. Ta yi dariya har da hawaye.

Ta ce, "Wane barci? Gani na yi idonka na kan madubi ba ya kan hanya. Na ce in ban rufe ido ba ɗan nan zai jefa mu gonar mutane."

Ta ci gaba da ɓararta, can ta ce, "Amma a dawowa na yi na gaske."

Na zaci ni nake kula da su a shekarar nan. Ashe su biyun da ke zaune a baya, kowa da irin tasa hanyar, su suke lallaɓa ni. Har yau in na tuna, daɗi nake ji. Allah Ya saka musu da Aljanna.