Su Tsallaka Titin Tukuna

Mijina mai agashe ne, wato tsiren nan namu da mutanen Khartum ke rububi da yamma. Teburinsa yana bakin tashar Suk al-Shabi, mu kuma muna zaune a Umdurman. Wata rana da hantsi ya ɗauko tiren nama zai tsallaka titi, hafila biyu, ƙananan bas ɗin nan na haya, suna tsere a kan fasinja, ɗaya ta ɗebe shi. Waɗanda suka gani sun ce kumsarin, yaron motar, yana rataye a ƙofa yana kiran unguwanni har bayan da taya ta hau mijina.

Ina cikin takaba masu neman afuwa suka fara sintiri. Haka ake yi a garin nan, kafin yaƙi ya watsa mu. Direba ya kashe mutum, danginsa su ɗauko dattawa da buhun sukari da ganyen shayi, su zauna a rumfar makoki, a yi fatiha, magada su ce sun yafe, a janye ƙara. Bayan sati direban ya koma kan sitiyari. Mu Hausawa kuwa har yabonmu ake yi a kan haka, wai mutanen Allah ne, ba su da rigima. Na ga an yi wa maƙwabciyata wannan yabon a kan ɗiyarta da mota ta kashe, na ga abin da ya rage mata: sukari.

'Yan'uwan mijina duk sun yafe tun ranar uku. Saura ni, kuma idan ban yafe ba maganar tana nan a kotu, takardar tuƙin direban tana hannun hukuma.

Baffan mijina, wanda ke sayar da yadi a Kasuwar Umdurman, shi ne ya zauna a bayan labule ya yi mini magana.

"'Yata, kwanansa ne ya ƙare. Ko yana kan gadonsa sai ya tafi."

"Gaskiya ne, Baffa. To me ya hana shi tafiya a kan gadon?"

"Kai, yarinyar nan! Tun da kika shiga makarantar manya bakinki ya ƙara tsayi."

"Da tsayinsa na shiga, Baffa. Rubutu kawai suka koya mini."

Ya ce direban yana da 'ya'ya ƙanana. Na ce nawa ma ba su yi gemu ba. Ya ce za a ce Hausawa sun fara cin kuɗin jini. Na ce ban tambayi kowa ko sisi ba, abin da nake so kada mutumin nan ya sake riƙe mota, shi ke nan. Da ya matsa, sai na ce su bari in fita takaba, ina da sharaɗi guda, in sun cika na yafe.

Ranar da na fita na aika musu: mu haɗu a inda abin ya faru, da hantsi, da ƙafa.

Suka zo. Baffa da farar jallabiya da rawani, kawun direban da sandarsa, mai hafilar, da direban kansa da aka ba da belinsa, wani siriri mai jajayen idanu. Wannan ne ganina da shi na farko. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malesh, ya Hajja," wai in yi haƙuri.

"Malesh ɗin ta mai taka ƙafa ce," na ce masa. "Kai mutum ka taka."

Na nuna musu wancan gefen, inda teburin mijina yake jingine da bango. Na ce su tsallaka su taɓa shi su dawo. Duk wanda ya ce ƙaddara ce, ga ta nan, ya shiga.

Mai hafilar ya yi dariya, ya ɗage jallabiya ya sa ƙafa ɗaya. Wata raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta fito daga bayan bas ta goge masa hannun riga, ya yi tsalle ya dawo yana zagin uwar mai ita. Wurin ba fitila, ba layin tsallakawa, ba gada. Ɗan sandan hanyar da ake ajiyewa yana can inuwa wajen mai shayi. Hafiloli suna tsayawa a tsakiyar titi duk inda fasinja ya kaɗa yatsa, na baya su kauce ba tare da sun taɓa birki ba. Ƙura, hayaƙi, oda kamar ana biki.

Baffa ya tsaya. Ya matsa gaba, ya ja baya. Ya kama hannun kawun direban, su biyun suka yi taku uku, wata babbar mota ta danna musu oda, sandar kawun ta faɗi, taya ta murƙushe ta. Suka dawo Baffa yana salati, rawaninsa ya warware.

Sai direban ya shiga tsakiyar titin ya ɗaga hannu biyu, wai zai tsayar musu da motoci. Abokan sana'arsa ne fa, wasu sun san shi. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Kauce, jaki, ko ka gaji da duniya?" Madubin motar ya doke shi a kafaɗa. Na ga fuskarsa a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya yi sanyi. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Babu wanda ya taɓa teburin.

Baffa ya naɗe rawaninsa. Ya ce, "Kin tara mu kin wulaƙanta mu a gaban 'yan tasha."

"Ɗanka kullum sai ya tsallaka nan, Baffa, da tire a ka. Ni ma yanzu haka zan yi, don teburin ba zai ciyar da yara yana jingine ba. Ku kuka ce in yafe a mayar da wannan kan hanyata."

Ban yafe ba. Kotu ta yi abin da za ta yi, ta riƙe takardarsa. Dangin mijina suka daina zuwa gidana, ko da Sallah. A unguwa aka ce zuciyata dutse ce, wata ma ta ce mini afuwa lada ce. Na ce mata ladan nata ne idan an taka nata.

Ƙanena ya karɓi gashin naman, ni nake kai masa daga mahauta. Kowace safiya nakan tsaya a wannan bakin titin, tire a kaina, in ɗaure tobina, wato lafayata, da kyau, in jira mata su taru mu yi yawa, sannan mu faɗa tare muna zagi. Duk hafilar da ta taho sai na leƙa fuskar direban. Har muka bar garin ban ga tasa ba.